Ana neman rufe mana filin unguwa, ga kuma kabewa ta cika min zaure, a ba ni shawara

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, matsala biyu na ɗauko, ɗaya ta unguwa ɗaya ta tukunya.

A Daura nake, wata unguwa can bakin gari ta wajen hanyar Mai'adua, ba zan kama suna ba tunda maganar tana gaban manya. Muna da wani fili a tsakiyarmu ana ce masa masussuka, ni dai tunda na yi wayo ban taɓa ganin an sussuka ko dami ɗaya a wurin ba amma iyayenmu sun ce da can nan ake jibge gero in kaka ta yi, lokacin duk inda gidajenmu suke gonaki ne. In za a yanka shi hamsin da ɗari zai ba da fuloti takwas ko tara. Tsamiya guda ce babba sai bedi uku, sauran duk rairayi. Amma wlh komai namu a kan rairayin nan yake, nan yara ke buga ƙwallo bayan la'asar, nan muke sallar gawa don ƙofar masallacinmu ko sahu uku ba ta ɗauka, nan ake kafa rumfa in ana ɗaurin aure, almajirai su yi wanki su shanya, awakin kowa nan suke yini.

To kun dai san yadda ƙasa ta koma a Daura tun 2015 da Baba Buhari ya hau, Allah ya jiƙansa. Aka kawo foli wato kwalejin kimiyya da fasaha, aka aza tubalin jami'ar sufuri a 2019, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta nan, sai kowane kango ya yi kuɗi, dillalai kamar ƙuda a mahauta. Watan jiya da sassafe muka ga mutum uku da tef suna awo, ashe jikokin wani tsoho ne da ya rasu tun kafin a haife ni, suka ce filin gonar kakansu ce aro ya ba gari don sussuka, yanzu rabon gado za su yi su yanka su sayar. Takarda? Babu. Mu ma masu cewa na gari ne babu.

Yanzu unguwa ta rabu uku. Dattawan masallaci sun ce a yi karo-karo a zagaye shi da bulo a sa ƙofa da kwaɗo, makulli hannun liman, a buɗe in jana'iza ta taso ko taro, wai in an katange magada ba su da kafar shiga, kuma dama da dare wurin ya zama na 'yan shaye-shaye, ga masu zuba shara, ga yara suna bahaya gindin tsamiya. Samari sun ce sam. Kashi na uku sun ce a bar wa magada abinsu su ɗan yanka mana wurin sallar gawa a zauna lafiya. An yi mitin sau biyu ƙofar gidan mai unguwa, na biyun saura ƙiris a ba hammata iska. Ni an sa ni a kwamiti don ana ganin na iya rubutu, kuma gsky ban san ina zan sa ƙafa ba. Shin mutanen unguwa suna da wani haƙƙi a kan filin da suka shekara sama da hamsin suna amfani da shi ba takarda? Katangar nan mafita ce ko ƙarin rigima?

Ta biyu kuma, kar ku yi dariya. Bayan gidana yana jikin filin, akwai ɗan juji wajen, farkon damina na watsa 'ya'yan kabewa a kai ban ma ɗauka za su fito ba, sai ga yaɗo ya kama gabansa ya shiga filin sosai har sai da na sare ƙaya na kewaye wurin saboda awaki da ƙwallon yara. Na cire guda 14, na rabar da 5, saura 9 jere a zaure, uwargida kuma ta tafi wankan gida Zango sai ta yi arba'in. Shekaranjiya na ce bari in gwada taushe da kaina, abin da ya fito ruwa ne tsululu kalar ɗorawa ba ɗanɗano, ko almajiri da na miƙa wa sai da ya leƙa kwanon sau biyu. Iyayenmu mata a taimaka, ya ake yi, kuma ya zan adana sauran kar su ruɓe?

Bakatsine na Ƙofar Sauri:

Wa alaikumus salam Ɗan Kusugu. Kai ka ga arziki inda ba a iya cin shi, kabewa tara ga mata ta tahi wanka, wannan ai ita ce kabewar kan kabari baƙin cikin masu taushe 😂 sako mani biyu a mota in rage maka damuwa.

Maganar hili kuwa ka zo birni ka ga gobenku. Ganuwar da ta zagaye Katsina, wadda har yau da ƙofofinta muke kwatance, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Durɓi, mu nan Ƙofar Sauri, ka bi ka gani nawa ya rage? Ba wani attajiri guda ya zo rana ɗaya ya kwashe ta ba, wanga ya ɗebi ƙasa ya yi yaɓe, wancan ya ja katangarshi taku biyu, wani ya kafa rumfar kwano yau gobe ta zama shago jibi ta zama gida. Haka kududdufai, aka bi da shara aka cike aka gina, yanzu in aka yi ruwa mai ƙarhi ruwan shina neman inda ya saba kwana ya ishe ɗakin mutum. Wuraren da suka tsira irin Kangiwa gaban gidan sarki da hilin Folo sun tsira ne don an san masu su, ba mai zuwa da tef. Don haka ni ina bayan dattawanku, hilin da ba katanga maraya ne, ku zagaye abinku tun kahin ku wayi gari ku ishe tifa ta juye yashi.

Maman Nana:

Ƙanina sannu da gwauranci, Allah ya raya abin da aka samu. Tun kan ka faɗa na san abin da ka yi, ka cika tukunya da ruwa ka zuba kabewa kamar mai dafa rogo ko? Ita kabewa kanta ruwa ce, in ka ƙara mata wani ruwan me kake jira. Kuma na tabbata ba ka sa gyaɗa ba, to taushe ba gyaɗa ai romo ne.

Fara da zaɓe tukuna. Ka danna farcenka a jikin ɓawon, wadda farce ya shiga ba ta gama ƙosawa ba ita za ka fara ci don ba ta ajiyuwa, haka wadda ta bugu ko tsutsa ta huda. Wadda ɓawonta ya yi tauri kuma ɗan kututturen nan na samanta ya bushe kamar itace ita ce ta ajiya, kar ka ɓalle shi, ta nan ruɓa ke shiga. Ka ɗauke su daga kan siminti ka sa a kan katako ko buhu inda iska ke ratsawa ba rana, kar su jingina da juna, za su kai ka watanni in sha Allah, ƙara zaƙi ma suke in sun ɗan kwana biyu.

To ga taushe daidai cikin mutum ɗaya da baƙi biyu. Ka samu ƙashi mai ɓargo ko tantaƙwashi, in da hali ɗan naman rago, ka ɗora da albasa da citta da masoro da kanumfari kaɗan da daddawa da ka daka, ruwa iya wanda zai rufe naman kawai. Kwata ɗin kabewa ɗaya ya ishe ka, ka fere ka kwashe 'ya'yan da zaren cikin ka yanka manya-manya, in nama ya ɗauko laushi ka jera su a kai ka rufe, tururin da romon ne za su dafa ta. In cokali ya shige ba gardama ka tsame ka murƙushe da bayan ludayi, kar ka kai bilenda, tana mayar da ita kamar kunun jarirai. A wata tukunyar ka soya jajjagen tattasai da attaruhu da albasa da tumatir kaɗan a man gyaɗa, wasu manja suke sawa, ka bar shi ya soyu har mai ya taso sama, nan ne maza kuke gajen haƙuri. Sai ka juye romon da naman da kabewar a ciki. Gyaɗa gwangwanin madara ɗaya, a ɗan soya sama-sama a murje a daka ta yi laushi, ko ka aiki yaro ya sayo markaɗaɗɗiya, ka dama da ruwan ɗumi ka zuba, daga nan ka rage wuta kuma kar ka tafi duba waya don gyaɗa kama gindin tukunya take kamar me. In ka ga ta yi kauri mai ya fito ido-ido sai gishiri da magi, sannan alayyafo da ɗan yakuwa da lawashi a ƙarshe, minti biyar ka sauke. Tunda na san ba za ka iya tuƙa tuwon shinkafa ba ka je wurin mai waina da kwanonka, ko sinasir ko funkaso, duk abokan tafiyarta ne.

Yanzu maganar fili, don ni ma ina da ta cewa. Na karanta amfanin da ka lissafo kaf ban ga mata a ciki ba, kuma na san ba a kira ko ɗaya mitin ɗin ba. Ka tambayi matarka in ta dawo ta ina take aika yara injin markaɗe da bohol. Mu unguwarmu ta da an taɓa katange irin wannan filin da sunan gyara, hanyar da yarinya ke yi minti uku da jarka ta koma sai ta zaga ta bakin kwalta cikin 'yan acaɓa da masu kurkura, kuma lungun da katangar ta haifar ya fi filin zama abin tsoro da magariba, don fili a buɗe kowa na hango kowa, bayan katanga kuwa ba mai ganin abin da ake yi. 'Yan shaye-shayen da ake gudu tsallakawa suka riƙa yi suna samun sirri ma.

Sannan ƙanina ka yi haƙuri in tambaye ka, ƙayar nan da ka ce ka kewaye kabewarka da ita, a filin wa ka kafa ta? 🤔

Kyaftin 10:

Allah ya biya ki Mama!! Ni ba ɗan unguwarsu ba ne amma duk garin nan labarin ɗaya ne. Filin da sai ka je ka yi sallama ka tsaya a zaure kana jiran a tashi daga barci a ba ka makulli ai ya tashi daga na kowa ya koma na mai makulli. Yau za a ce an buɗe muku, gobe a ce ƙwallo ta fasa gilashin wani an hana, jibi a ce ana ajiye motoci da dare ana biyan kuɗi don gyaran masallaci shikenan an gama da ku. Kullum ana zagin matasa wai zaman banza wai ƙwaya, to inda suke gudu su yi gumi su koma gida a gajiye shi ne kuma za a kulle? A sa fitila mai sola biyu a gindin tsamiyar a ga in ɗan shaye-shaye zai zauna cikin haske. Shara kuma a ba tim ɗin unguwa, duk Asabar su share, sun fi kowa son wurin ya yi tsaf don su ke taka kwalba ba takalmi.

Tsohon ma'aikacin safiyo:

Ɗan Kusugu, na yi shekaru ina jan tef kafin in yi ritaya, bari in faɗa maka abin da na sani, amma ba lauya ba ne ni, in abin ya yi nisa ku nemi lauya.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma tsarin mulkin 1999 ya riƙe ta, ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna amana ce don jama'a. Wadda ke cikin yankin da aka ayyana birni gwamna ke ba da takardar mallaka, ta karkara kuma ƙaramar hukuma. Hedikwatocin ƙananan hukumomi galibi ana lissafa su birni, amma ku da kuke bakin gari sai kun tambaya iyakar a ina ta tsaya. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauka wanda ba shi da takarda ba shi da komai. Ba haka ba ne, dokar ta amince da wanda ke riƙe da ƙasa tun kafin 1978 ko bai taɓa ganin ofis ba. Kenan rashin takardar magadan nan bai kashe maganarsu ba, ku ma rashin taku bai kashe taku ba, shaida ce za ta yi aiki.

Abu na farko ku je ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar tsara birane ku tambaya ko an taɓa zana unguwarku. In akwai tsohon zane, sau da yawa za ka ga an bar wuri an rubuta filin jama'a ko makaranta ko kasuwa, in kuka dace filinku na ciki a haka to kun samu babban makami. In babu zane, ku rubuta koke da sa hannun magidanta ya bi ta mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, kwafi kuma ya je ƙaramar hukuma, kowane wuri a buga muku hatimin karɓa ku ajiye. Wannan kaɗai kan sa mai saye ya ja baya, ba mai son zuba miliyoyi a inda ake rigima.

Katanga kuwa, da girmamawa ga dattawanku da ɗan uwana Bakatsine, kar ku aza bulo ko ɗaya yanzu. Gini a kan filin da ake jayayya kai ka fara shiga haƙƙi, magada za su kai ƙara a ce ku tsaya, kuɗin karo-karo ya tafi a banza ku kuma ku zama masu laifi. Abin da ke tsare fili ba tsayin katanga ba ne, iyaka ce da aka auna aka rubuta aka kafa turakun siminti a kusurwa, da kuma sunan wanda ke riƙe da shi. Shi ya sa in an daidaita ku yi wa ƙungiyar unguwa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, takarda ta fito da sunan ƙungiya, kar ta fito da sunan mutum ko da liman ne, liman zai rasu 'ya'yansa su ga takarda da sunan ubansu, kun koma gidan jiya. Iyakar kuma ku ja ta da itatuwa, layin bedi ko ɗan dakali iya gwiwa da mutum zai zauna a kai, mota ba ta shiga amma mai jarka na wucewa.

Wasu za su ce muku a roƙi gwamnati ta karɓe don amfanin jama'a. Doka ta ba gwamna wannan ikon, sashe na 28, amma ku sani diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasa ce, gini ko shuka, rairayi ba shi da wani abin kirki, kenan magada za su tashi kusan hannu rabbana su riƙe ku a zuci har abada, kuma in fili ya bar hannunku ba ku ke cewa ga abin da za a yi da shi ba. Ni wannan ita ce ƙofar ƙarshe da zan ƙwanƙwasa.

Almajirin Malam:

Ƙari kan bayanin Baba na safiyo, Allah ya saka masa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi akwai abin da ake kira hauzi, wato in mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi, mai iƙirarin yana gari yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Amma fa ku lura, hauzi ba ya aiki in asalin shigar aro ce ko haya ko jingina, aro ko ya shekara ɗari aro ne. Kun ga ke nan ba banza magadan suka zaɓi kalmar aro ba, kuma su ne za su kawo shaidar cewa aron ne. In kuma tsohon cewa ya yi na bar wa gari, wannan ya zama wakafi, ba a sayarwa ba a gada, kuma malamai sun karɓi shaidar ji a kan tsohon wakafi, wato dattawa su ce tun muna yara muke jin amintattu na cewa wurin nan na jama'a ne.

Don haka maganar ba a bakin samari take ba ba a bakin 'yan kwamiti ba, tana bakin tsofaffin da suka haura saba'in, maza da mata, musamman matan don su suka yi sussukar. Ku je yau kar ku bari gobe, ku ɗauki muryarsu a waya gaban shaidu, kuma ku karɓi abin da suka faɗa ko bai yi muku daɗi ba. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim kan wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai bai ware kowa ba, yana kan magada in suka sayar da abin gari, yana kan gari in suka danne gadon marayu don sun fi yawa. In ta tabbata nasu ne a je musu da girma ba da hayaniya ba, a roƙe su su yi wakafin wani sashe ladan ya je wa kakansu, a rubuta, akwai hukumar zakka da wakafi ta jiha a sanar da ita.

Ɗan Kusugu:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Yaya Maman Nana kin kama ni wlh, tun da na karanta nake dariya ni kaɗai ina jin kunya. Na fita na auna da ƙafa, ƙayata ta ci taku 11 cikin filin, kuma da na duba da idon basira ba ni kaɗai ba ne, maƙwabcina na dama turken shanunsa a ciki yake, wani ya tara bulo tun bara ya ce na kwana biyu ne, mai shayi ya zuba siminti a ƙarƙashin teburinsa, kuma dukkanmu muna sahun gaba wajen ɗaga murya a mitin. Gyaɗa kuma gaskiyarki ban sa ba, na ɗauka ado ce.

Hajiya Ta Mashi:

Maman Nana kin yi bayani amma yakuwar nan ni ban yarda a ce ɗan kaɗan ba, kabewar gida mai zaƙi ce in ba tsami ya taka mata birki sai miya ta gundure ka a loma ta biyar, mu kam muna sawa sosai, in babu yakuwa ɗan ruwan tsamiya. Kuma ɗana, kabewa tara ai ba taushe kaɗai za ka yi ta yi ba har ka tsane ta. Ka turara ta a madambaci ka barbaɗa garin ƙuli da yaji da ɗan mai ka ci haka nan da safe, ka yanka ƙanana a faten tsaki ko cikin dafa-duka, yara ma a ba su don wannan jan cikin nata yana da amfani ga ido. In ka fasa guda ba za ka cinye ba tunda wutar firij sai a hankali, ka yanka siri-siri ka shanya a kan tabarma mai tsabta yanzu da iskar hunturu ta fara, ta bushe ƙarau ka ɗaure, ranar buƙata ka jiƙa. 'Ya'yan kar ka zubar, wanke ka shanya, na wadda ta fi zaƙi ka ajiye iri, sauran a soya da gishiri. Abu ɗaya, in ka lasa ɗanya ka ji ɗaci sosai kar ka ce wuta za ta gyara, zubar da ita, tana ɓata ciki. Kuma ka aika wa surukanka biyu Zango, mai jego ta fi ka buƙata, ban san me kake jira ba.

Ɗan Kusugu:

Hajiya an aika, uku ma, direban ya ce sai na biya musu kuɗin kujera 😅

Ga inda aka kwana. Jiya na kwashe ƙayar, kafin magariba awaki sun gama da sauran yaɗon. Mai turken shanu ya ga ina kwashewa ya tambaya na faɗa masa dalili, bai ce komai ba, shanun dai har yanzu suna nan. Taushe na sake yi yadda aka koya min, ta ɗan kama ƙasa don an kira ni a waya daidai lokacin gyaɗa amma ta yi kauri ta ciyu, har na zuba a kwano na sayi waina na kai wa wata tsohuwa a bayan layinmu da aka ce ta yi sussuka a wurin tana budurwa, muka je da mutum biyu na kwamiti da jikanta. Abin da ta faɗa bai yi wa kowa daɗi duka ba. Ta ce daga tsamiya zuwa yamma tsohon da bakinsa ya ce ya bar wa gari ranar da aka rasa inda za a sallaci wata gawa da damina, amma daga tsamiya zuwa gabas gyaɗa yake shukawa har ya tsufa, bayan ya rasu ne 'ya'yansa suka tafi Kano wurin ya zama saura yara suka mayar da shi filin ƙwallo. Kyaftin ka ji, ragar gabas ɗin a gonar mutane take, bayan gidana ma ta gabas ɗin ne. Akwai wani dattijo kuma da za mu gani gobe in Allah ya kai mu, sai mitin ranar Juma'a bayan la'asar, mai unguwa ya yarda a aika wa magadan, kuma an ce mata su turo wakilai biyu duk da wani dattijo ya ɓata rai.

Tsohuwar ta ce miyar ba laifi amma daddawa ta yi kaɗan. Yaya Maman Nana ƙulli nawa ake sawa a kwatan kabewa?